Hawan da Ya Gagari Yaya

Litinin, 3 ga Maris
Yau aka gwada gadar da na zana. Tsakiyarta ta juya sumul a kan ginshiƙi, jirgin yashi ya wuce, ta dawo ta kulle. Oga har da dafa mini kafaɗa. Ni na dage a ɗaga ta sama, don ƙananan jirage su riƙa wucewa ba sai an buɗe ba. Hawan bakinta ya ɗan miƙe, amma a takarda lafiya lau.

Alhamis, 6 ga Maris
An bar jama'a su gwada, masu ƙafa da masu keke. Ban gaya wa Yaya ba, wajen Inna ya ji. Sai ga shi a keken guragunsa, yana murzawa da hannu, ya sha sabuwar riga. A rabin hawa keken ya tsaya, ya fara zamewa baya. Ina tsaye cikin manyan baƙi, ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Wani mai walda ne ya ruga ya tare shi.
Oga ya ce, "Wancan da ya ɗago maka hannu, ka san shi?"
Na ce ɗan unguwarmu ne.

Juma'a, 7 ga Maris
Ɗan unguwarmu. Wanda a bayan kekensa nake zuwa firamare.

Lahadi, 9 ga Maris
Na sami Yaya a shagonsa yana gyaran rediyo. "Injiniya, gadarka ta haɗu, sai dai ba ta ga-maciji da guragu." Ya yi ta dariya. Tafin hannunsa duk ya sale, wurin riƙe taya. Ko ya ji abin da na ce wa Oga? Bai nuna ba. Shayin da ya saya mini na bar shi har ya huce.

Laraba, 12 ga Maris
Na sake zana hawan: ya ƙara tsawo, ya kwanta, da wurin hutawa a tsakiya. Aiki ne kawai, ba wani abu ba.
A taro Oga ya ɓata rai. "Mu ɗaga ranar buɗewa saboda mutum ɗaya?"
Na ce ba shi kaɗai ba ne, akwai tsofaffi, akwai masu tura kaya. Sai na ji bakina ya ce, "Kuma yayana ne, ciki ɗaya."

Oga bai sa hannu ba tukuna. Ya dai yarda a haɗa sabon hawan da katako a gwada ranar Asabar. Yaya ya ce zai zo, in har ni zan tsaya a bayansa.