Wanda Ya Ƙara wa Kwamfutar Ofis Gudu

Daren Laraba, Yalwawa.

Mako uku na yi ina nazarin yadda zan tilasta wa 'yar arahar furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar ofishinmu, ta wuce gudun da aka yi ta da shi. Ni na zaɓo fankar sanyaya ta da ta dace, ni na haɗa. Malam Nasiru tocila kawai ya riƙe min.

Yau Darakta ya tambayi wanda ya yi aikin. Nasiru ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ɗan ƙoƙari ne, ranka ya daɗe." Shi aka ba kwas ɗin Kaduna da nake ta jira. Shekara shida teburinmu ɗaya.

Bayan la'asar ya raɓo. "Hajiya, wai in yi wa sauran kwamfutoci huɗun haka kafin Litinin. Ta ina ake farawa?"

Na miƙa masa sukudireba, na ɗauki mayafina.