Ɗana ya mayar da jikata tafinta

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Maƙwabciyata ce ke rubuta mini, ban yi boko ba, a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara.

Yaushe ɗan da na goya ya daina jin kunyar idona? Na tambayi kaina har na gaji.

Na zo Guangzhou ta ƙasar Sin jinyar maigidana, Allah ya karɓi abinsa, a nan aka rufe shi. Yanzu takaba nake a wani ɗaki a unguwar Panyu, kuka nake ba mai cewa in yi haƙuri sai wannan baiwar Allah. Muna da jika marainiya, mu muka rene ta, Alhaji ya sa ta jami'a a nan tana karanta tarihi da harshen Sin, in ta gama ta wuce makarantar lauyoyi. Ya sha ganin 'yan'uwanmu suna sa hannu a takardar da ba su san me ta ƙunsa ba, shi ya sa.

Ko sadakar bakwai ba a yi ba babban ɗanmu mai shago a nan ya ɗauke ta. Wai saboda wasannin Olamfik da za a yi a ƙasar biza ta yi wuya, yaran shagonsa duk sun koma Kano, ita ce mai takardar zama kuma tana jin yaren. Kullum tana kasuwa tana yi masa ciniki da laoban, wato masu kaya, ko tana Baiyun wajen auna kaya, ga jarrabawa ta matso. Na yi magana, ya ce shekara uku tana karanta labarin sarakunan da suka mutu, ko shari'ar akuya ba ta iya ba, wane irin lauya ke nan. Na ce ubansa ya fi shi sanin inda hanyar ta nufa. Ya ce uban ai ya tafi. A fuskata, ina cikin takabarsa.

Ya san ba zan fita ba, shi ya sa yake yi. Yarinyar kuma ba ta iya musa wa baffanta.

Jama'a, in karya takabar in je shagon in janyo ta? Ko in yi masa baki, alhali ni na haife shi? Ni dai ga abin da ya hana ni yin shiru. Ranar da Alhaji zai cika tana zaune a bakin gadonsa tun safe, ya kalle ni ya ce, "Hajiya, ce mata ta tafi gida, gobe tana da aji."