Kujerar Baba

Litinin, da hantsi.

Zuwa ga Autata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da takwarana. Ni dai jiki da sauƙi-sauƙi. Gwiwar hagu ta ƙi lanƙwasuwa tun jiya, tarin kuwa ya zama ɗan gida. Kada ki ce don me ban kira ki a waya ba. Kunnen ya ƙara nauyi, in kina magana sai in ji kamar daga cikin rijiya kike. Wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana buga wa wasiƙun mutane hatimi a gidan waya, ai ba za a hana shi rubuta tasa ba.

Na samu amsarki. Na roƙe ki ki kawo mini yaron nan da kuka sa wa sunana, kuke ce masa Baba, in zo tasha in ɗauko ku a motata kamar yadda na saba. Kin rubuto cewa: "Hankalina ba ya kwanciya Baba ya shiga motar nan, babu abin da zai tsare shi in wani abu ya faru." Na ce gaskiyarki. Yaron da bai daɗe da fara tafiya ba, bel ɗin manya ai a wuya zai kama shi.

Don haka ranar Asabar na shiga shagon kayan jarirai da ke kusa da kantin magani. Mai shagon, wata yarinya ce sa'arki, ta ba ni wurin zama tun ban tambaya ba, da alama numfashina ya yi mini gaisuwa. Ta fito mini da kujerun mota kala-kala. Akwai wata kamar kwando mai hannu, ta ce ta jarirai ce, kafin a ankara yaro ya fi ƙarfinta. Akwai wata kamar matashin kujera, ta 'yan makaranta. Sai kuma wadda ta ce tana girma tare da yaro. Da farko ana ɗaure ta tana fuskantar baya, yaro ya ba direba ƙeya. In ya yi nauyi, wuyansa ya yi ƙwari, sai a juya ta ta fuskanci gaba. Can gaba kuma a cire mata igiyoyi, a ɗaga matokarin kai, har ya shiga makaranta yana cikinta.

Na ce mata wannan wane irin horo ne, yaro ya yi ta kallon inda aka baro? Ta ce in aka taka birki da ƙarfi, bayan kujerar ne yake tare masa kai da wuya. Na gaya mata ke da yayanki a cinyar mahaifiyarku kuka girma cikin motar nan, ba wanda wuyansa ya karye. Ta ce Allah ne ya tsare. Ban yi musu ba.

Sai ta tambaye ni nauyinsa da tsayinsa, wai da su ake sanin ko baya za ta kalla ko gaba. Auta, ni da nake ɗaga ƙunshi a tafin hannu in faɗi kan sarkin da zai ci kafin a ɗora shi a sikeli, ga shi ban san nauyin jikana ba. Ina gadon asibiti aka haife shi, tun daga nan kuma kullum kina cewa sai an samu hutu. Ban taɓa ɗaga shi ba. Na ciro hoton da kika aiko na nuna mata. Ta yi murmushi ta ce, "Kaka, hoto ai ba ya hawa sikeli."

To ki auna mini shi, ki aiko. Ki gaya mini kuma ranar da za ku iso.

Ki gaida maigidanki. Ki shafa mini kan takwara.

Ni ne mahaifinki.

*

Baba,

Barka da war haka, ya ƙarfin jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Ina fatan kana shan maganin tarin a kan lokaci, ba sai ya tsananta ba.

Don Allah Baba kada ka wahalar da kanka a kan kujerar nan. Muna da tamu a motarmu, ba sai an sayi wata ba. Shiga kasuwa da wannan gwiwar ba naka ba ne. In akwai abin da kake bukata ka gaya wa makanikin nan maƙwabcinka ya sayo maka, ni zan yi magana da shi.

Aiki ya yi mini yawa a ofis, mutum biyu sun tafi, ni aka jibga wa nasu. Baba ƙarami yana lafiya, ya ishe mu da ɓarna. Jiya ya jefa wayar babansa cikin bokitin wanki. Kowa cewa yake goshinka ne sak.

Maganar zuwa, a bari abubuwa su lafa tukuna.

Maigidana yana gaisuwa. A ci gaba da sa mu a addu'a.

'Yarka, Auta.

*

Alhamis, bayan la'asar.

Zuwa ga Auta,

Ina gaisuwa. Gwiwa ta ɗan saki, amma ido na dama yana ta ruwa.

Na karanta takardarki har sau ba adadi, na juya bayanta, ko nauyin yaron ya ɓuya a can. Na samu labarin bokitin wanki, na samu labarin goshi. Abin da na tambaya kaɗai ne babu. A zamaninmu wanda aka yi wa tambaya ya amsa wata, malami kan ce ya sake jarrabawa.

Na riga na sayo kujerar. Mai launin toka ce, mai shagon ta ce ba ta nuna dauɗa, rigarta kuma ana zare ta a wanke. Na zaɓi mai girma tare da yaro, don na lura a gidanku alkawari yakan daɗe, gara kujerar da za ta iya jira.

Ɗaura ta sai da ya ci mana yini ni da makaniki. Takardar bayaninta rubutu ne kamar ƙafar tururuwa, sai da na haɗa tabarau da madubin ƙara girma. Makaniki ya so ya yi irin nasu na gareji, ya ɗaure da waya ya ce ta zauna. Na ce a'a, wannan ba salansa ba ce. Muka zura bel ta inda aka shafa shuɗi, ya danna da gwiwarsa, na ja har sai da na ga taurari. Yanzu ko ka girgiza ta, motar ce ke motsi, ita ko gezau. Tunda ban san nauyinsa ba, mai shagon ta ce in bar ta tana kallon baya, ya fi aminci.

Na gwada ta kuma. Na cika jarka da ruwa, na naɗe ta da tsohon mayafin mahaifiyarki, na ɗaure ta da igiyoyin har yatsa ba ya iya tsunkuno su. Na zaga da ita unguwa. Ruwan bai ko yi ƙara ba. Wani mai babur ya ɗura mini ashar a mahaɗar hanya, wai na shigo masa, alhali shi ne ya ɓullo kamar aljani. Yaran yanzu ba su da ta ido. Ƙofar gareji ma ta ɗan goge mini fenti wajen shiga, ina jin ginin ne yake zaunawa.

Abu ɗaya ne bai yi mini ba. In na duba madubi, bayan kujera kawai nake gani. Na sayo wani ɗan madubi na maƙala a kujerar baya, yadda zan ga fuskarsa, shi ma ya ga tawa. Jiya na kama kaina ina yi wa jarka bayanin gine-ginen da muke wucewa.

Abin da kika ce babu, yanzu akwai shi. Saura me?

Mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaisuwa, ina kuma neman gafara tun kafin ka karanta.

Na yi kuka a kan jarkar nan, a ofis, a gaban mutane. Laifina ne. Ka koya mana ba a ce wa babba "kai" a maganar da za ta yi masa zafi, shi ya sa na kewaya. Da na rubuta cewa hankalina ba ya kwanciya Baba ya shiga motar nan, ba Baba ƙarami nake nufi ba. Kai nake nufi.

Ka tuna zuwana na ƙarshe, ina da tsohon ciki, ka ɗauko ni daga tasha? Danja ta nuna ja, ka wuce abinka kana ba ni labarin mama. Wata babbar mota ta ja birki har tayoyinta suka yi hayaƙi. Ba ka gan ta ba, Baba, ba ka ma ji ta ba. Na riƙe cikina har gida. Tun daga ranar, duk wayar da ta shigo daga wajenku sai gabana ya faɗi. Mai babur ɗin nan ba aljani ba ne, ginin gareji kuma bai matsa ba. Makaniki ya gaya mini komai.

Ba zan sa ɗana a motar da kake tuƙawa ba, ko da kujerar ƙarfe ce. Kuma na sani in na zo ba za ka yarda ba, sai ka ce dole ka zaga da shi, ni kuma ba zan iya hana ka a gaban idonka ba. Shi ya sa nake ta cewa aiki.

Ka ba makaniki makullin, ya nemo mai saye. In ka yi haka, Asabar ɗin farko bayan ƙarshen wata za mu zo a motarmu, mu kwana biyu. Na yi alkawari.

Kada ka yi fushi da ni. Ba ni da wani uban sai kai.

Auta.

*

Talata, da safe.

Auta,

Na amsa gaisuwa. Jiki yau ba daɗi, ƙafafu sun kumbura.

Ba sai kin nemi gafara ba. Ina karanta rubutun mutane tun ba a haifi mijinki ba, na san wane Baba kike nufi tun ranar da takardar ta iso. Baba biyu ne a jimlar, ɗaya ana sayar da maganin matsalarsa a shago, ɗayan ba a sayarwa. Na zaɓi wanda ake sayarwa. Na ɗauka za ki ga wahalar da na sha ki bar ni da ƙaryata, yadda na bar ki da taki ta aikin ofis.

Makaniki ya tafi da motar jiya. Ashe mai saye yana hannunsa tuntuni, kun gama shirinku ni ne ban sani ba. Ya ce, "Kaka, a bar kujerar a ciki? Mai sayen yana da goyo." Na ce ya kwance mini abata. Abin da ya ci mana yini wajen ɗaurawa, kafin in gyara tsayuwa ya cire shi.

Ki san abin da kika karɓa. Da motar nan nake zuwa kantin magani, da ita nake zuwa kabarin mahaifiyarki, da ita nake zuwa gidan waya in zauna a benci in ga masu shiga da fita. Yanzu iyakata bakin ƙofa. Wannan takardar ma sai makaniki ya ga dama zai kai ta. Ban faɗa don ki ji tausayi ba, na faɗa ne don ki san ciniki muka yi, ni kuma na biya nawa.

Na ɗora kujerar a falo, kan kujerar mahaifiyarki, na ɗaure ta da ɗankwalinta don kada ta zame. Tana kallon bango, yadda aka ce a yi wa ƙanana. Na sa an share ɗakinki, an ɗauke magungunana daga ƙasa zuwa saman kabad, an toshe ramukan lantarki, an ɓoye bokiti.

Sai Asabar ɗin, in muna da rai.

Mahaifinki.

*

Lahadi, da yamma.

Auta,

Ina gaisuwa. Tarin ya sauko ƙirji, ki yi haƙuri da rubutun.

Makaniki ya isar mini da saƙonki na wancan watan, cewa motarku tana gareji, da na wannan, cewa mijinki ya yi tafiya. Ya ce kin ce jiya Asabar za ku zo, babu fashi.

Na yi wanka da wuri, na sa farar rigar. Har yau ba ki gaya mini nauyinsa ba, sai na yi kirdado. Yaron yanzu ai ya wuce kallon baya. Na kwance ɗankwalin, na juya kujerar, na ɗaga matokarin kai. Yanzu tana fuskantar ƙofa. Na jawo tawa kusa da ita, muka zauna.

Motoci sun wuce da yawa. Wata ta rage gudu a bakin gida, ashe rami take kaucewa.

Ba ku zo ba.

Ki gaida Baba. Ƙaramin nake nufi.

Mahaifinki.