Numfashin Baba Dionisio

Zuwa ga 'yata Marikit,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya, ke da ɗalibanki a Davao. Konceton, wato kiɗan da kika rubuta mana, ya iso Manila, na kilarinet ɗin da nake busawa da celo, babban gogen uwarki. Makaɗan ƙungiyarmu sun so shi, har mai ganga da ba ya yabon komai. Da shi zan yi sallama da dandali a watan gobe. Sai dai ki rage dogon jan sautin nan na ƙarshe da muke yi tare. Ba don ni ba, wuyan hannun uwarki ke ciwo. In ba za a rage ba, gara a fasa.

Mahaifinki, Dionisio

Kit, 'yar lelena,

Ya kike? Kina cin abinci kuwa? Na san abin da tsohon nan ya rubuta miki, don da ƙarfi yake karanta wasiƙarsa kafin ya rufe. Hannuna lafiya lau, jiya ma na kankare kwakwa. Numfashinsa ne matsalar. A wajen gwaji ya kai tsakiyar jan, sai busar ta tsinke. Na ce, "Dion, lafiya?" Ya ce, "Ke ce kike jan goge kamar mai yankan katako." Na ce, "To busa mana, saurayi!" Kowa ya yi dariya, amma da muka dawo gida ko miyar sinigang bai taɓa ba. In kin rage, duk makaɗa za su gane dalili, ya ji kunya. In kin bari, zai fasa. Ke kika yi karatun, san yadda za ki yi.

Allah ya tsare, mamanki Amparo

Baba,

Ina gaishe ka da ladabi. Ban rage ko ɗigo ba, raba jan na yi. Kai za ka fara, Mama ta karɓa a kan sautin da ka tsaya, ka sake karɓa daga gare ta. Ka ga hannunta zai riƙa hutawa. Wuyar abin ita ce kada mai sauraro ya ji mahaɗar, kuma hakan ba zai yiwu ba sai kuna kallon juna. Ban dai sani ba ko za ku iya.

'Yarka, Marikit

Marikit,

Ina gaisuwa. An yi, babu wanda ya ji mahaɗar, jama'a suka miƙe suna tafi. Uwarki ta kafe ni da ido har na kusa manta wurin shigata. Rabon da ta kalle ni haka tun kafin a haife ki. Yanzu ana so a sake yi a Cebu. Na ce na yi ritaya. Ta ce ita ba ta yi ba, kuma ba za ta zauna tana kallon wani mai kilarinet ba. Za mu je.

Mahaifinki