Mai Awon Fili Ya Kasa Auna Gas

Anti Batulu, ki taimake ni. "Daga yau gas ba zai sake ƙare miki kina tsakiyar girki ba, ni zan riƙa duba shi." Maganar maigidana ke nan ranar babbar salla, a gaban mahaifiyata. Daga ranar zuwa yau sau uku wuta tana mutuwa da tukunyata a kai.

Kada ki ce matar nan ba ta da aikin yi. Shekarata arba'in da bakwai, ina aiki a wata ma'aikatar tarayya, na karanta littattafan da ban san adadinsu ba, amma na kasa sanin abin da ke cikin 'yar silinda mai kilo shida.

Mijina safiyo ne, mai awon fili. Lokacin da ake ta yanka sababbin unguwanni a Abuja, ya yi shekaru yana kwana a daji da wannan ƙaramar silinda mai murhu a ka. Da ya bar aikin daji ya kawo min ita kicin, ya ce ya san halinta. Idan na tambaya, sai ya ɗaga ta, ya girgiza a gefen kunnensa, ya ce da saura. Mutumin da zai sa a rushe katanga saboda ta shiga filin wani da taku ɗaya, shi ne yake auna gas da kunne!

Inna tana da ciwon suga, na ɗauko ta daga gida don ta kusanci asibiti. Kullum da safe nake yi mata allura, in ba ta kunu, sannan in fita kafin gosulon Mararaba ya haɗe. Litinin ɗin da ta wuce ya girgiza, ya ce da saura. Talata na yi mata allurar, na ɗora ruwa, wuta ta yi ƙasa ta mutu. Babu lantarki, mai gidan da muke haya kuma ya hana gawayi. Ina ta zarya, sai Inna ta fara gumi, tana kirana da sunan ƙanwarta da ta rasu. Maƙwabciyata Madam Perpetual ce ta shigo da filas ɗin ruwan zafi da suga. Da ta riga ta tafi kasuwa, ban san me zan rubuto miki yau ba.

Za ki ce me ya hana ni cika ta da kaina. Na yi sau ɗaya, ya yi kwana uku bai ci abincina ba. A wurinsa gas cefane ne, cefane kuma nasa ne, matar da aka gani da silinda a titi tana shelar mijinta ya gaza. Ba rowa ba ce, wallahi ba ya ƙyashin komai a kanmu. Da na ce a sayi ta biyu, sai ya ji kamar na ce kunnensa ya yi ƙarya. Ya yi ƙaryar kuwa.

Na ba shi zuwa Juma'ar sama. In ba a sake tsari ba, ranar Asabar zan kai Inna Tungan Maje wurin ƙanena Manniru, inda ake girki da itace. Can babu wanda ya iya allura, asibitinta kuma ya yi nisa. Ko ta ina na juya, Inna ce a ciki.

Mai jin haushi, Mararaba

Yar'uwa, Allah ya ba Inna lafiya. Fushinki yana kan hanya, amma bari in fara da ke. Kada ki ƙara yi mata allura sai kunu ya sauka yana cikin kofi a gabanta. Ki ajiye suga ko dabino kusa da gadonta, ki kuma faɗa wa likitanta abin da ya faru ranar Talata. Wannan ba ya jiran Juma'a, ba ya jiran kowa.

Girgizawa tana nuna akwai wani abu a ciki, ba ta nuna ko na kwana biyar ne ko na minti biyar. Ki kashe murhun, ki zuba ruwan ɗumi a gefen silindar daga sama zuwa ƙasa, ki shafa da tafin hannu. Inda kika fara jin sanyi, nan gas ya tsaya. Wanda ya fi wannan shi ne sikeli. Akwai nauyin silindar in babu komai a ciki, an buga shi a jikin mariƙinta. Ki cire shi daga abin da sikeli ya nuna, tare da nauyin murhun, abin da ya rage shi ne gas ɗinki.

Maigidanki bai yi daidai ba, amma ba mugu ba ne. Mutumin da yake kishin ciyar da gidansa yana da wurin kamawa. Kada ki ce masa kunnensa ya yi ƙarya. Ki ce masa Inna ta kira ki da sunan matacciya, don ina zargin fushinki ya gani, bai ga tsoronki ba. Sannan ki roƙe shi, tunda awo sana'arsa ce, shi ya sayo sikelin da silinda ta biyu, shi ya riƙa aunawa duk Lahadi. Cefane yana nan a hannunsa.

Wa'adinki ki bar shi yadda yake, amma ki canza hukuncin. Kai Inna inda babu mai allura ita za ki hukunta. In Juma'a ta wuce bai motsa ba, ki sayi silindar da kanki a cike, ki ajiye ta a ɗakin ajiya da sunan Inna. Ya yi kwana uku bai ci abincinki ba, zai rayu. Ita ba ta da kwana ukun nan.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya ƙara wa Inna sauƙi.