Butar Kaka

Litinin, 3 ga Maris
Kai da ka buɗe littafin nan ba da izinina ba, bari in tambaye ka: mutumin da ya shekara talatin yana kiran salla, kuskure ɗaya ya isa a kore shi? Kaka ya kira azahar da ƙarfe goma na safe. Yau shugaban kwamitin masallaci ya karɓe makullin lasifika, wai gara tsoho ya riƙa salla a gida. Na gaya masa abin da ba zan rubuta ba.

Laraba, 5 ga Maris
Kaka ya ƙi abinci. Yana bakin ƙofa yana laluben aljihu, inda ya saba ajiye makullin. Ya kira ni da sunan ƙanensa da ya rasu tun ba a haife ni ba.

Asabar, 8 ga Maris
Littafi biyu na duba: wanda hankalinsa ya gushe, salla ta faɗi a kansa. Na kai wa Goggo, mai kula da shi, ina taƙama. Ta ce, "Sannu, malamin kan katifa. Salla ta sake shi, shi ya sake ta?"

Sai na zauna ina kallon yadda take yi. Ba ta cewa "Baba, ka tuna?" irin tambayata da ke fusata shi. Buta kawai take sa masa a hannu, ta koma gefe tana ninkin kaya. Hannun ya san hanya: baki, hanci, fuska, bai tsallake ko ɗaya ba. In ya tsaya a tsakiyar sura, ta faɗi kalma ɗaya ƙasa-ƙasa kamar da kanta take, ya ɗauka ya wuce. La'asar raka'a bakwai ya yi. Na buɗe baki, ta harare ni.

Duk karatuna ban ga wannan a shafi ba. Matar nan ta fi ni.

Talata, 11 ga Maris
Ya ci rabin kwano. Har yanzu yana laluben aljihu.

Alhamis, 13 ga Maris
Goggo ta ce sahu yake kewa, ita kuwa iyakarta ƙofa. Na ce rabona da masallacin nan shekara biyu, ta kuma sani. Ta ce, "Wa ya ce ka je? Shi za ka kai."

Asabar, 15 ga Maris
Na kai shi magariba. Don shi. Sabon ladan ya yi jinkiri, Kaka ya miƙe, ya sa hannu a kunne, ya kira ba lasifika. Daidai lokaci. Ba wanda ya motsa. A sahu ya jawo kafaɗata: "Yaro, matso, kada ka bar gurbi." Na matsa. Alwalar dai na riga na yi, tunda butar na hannuna.

Gobe da azahar zan koma. Ba makulli nake nema ba. Wani ya riƙe agogo, a bar wa Kaka kiran. In shugaba ya ƙi, ya tashi a gaban jama'a ya faɗa mana da bakinsa: ranar da tasa ƙwaƙwalwar ta tafi, a gida yake so a bar shi?