Ganyen Citta da Fatata

Zuwa ga surukata, Mama Saratu,

Gaisuwa mai yawa da ban girma, cikin sunan Yesu. Ni ce Rifkatu, matar ɗanki Ayuba, wadda kika ce ko tuwon acca ba ta iya tuƙawa ba.

Kin tuna shekarar da ƙuraje suka feso min a hannuwa da baya? Jajaye, masu ƙaiƙayin tsiya, har ina sosawa da rula a gaban 'yan ajin da nake koyarwa a Zonkwa. Kowa ya zama likita. Wannan ya ce sabulu ne, wancan ya ce in daina cin naman alade. Na shafa man kemis har na gaji. A coci, in na zauna sai matan zumunta su ɗan matsa. Abin ya yi min zafi ƙwarai.

Ke kuwa kika taso daga ƙauye, kika sa hannu a kwanona muka ci tare. Da muka gama, kika kama wuyana kina lalubawa kamar mai sayen akuya, har kika ji kaluluwar da na ɓoye wa kowa.

Kika ce, "'Yata, in ganyen cittata ya yi rawaya, ba na wanke ganye. Tonawa nake in ga abin da ke ƙasa."

Ko ƙofar aji ba ki taɓa takawa ba, amma kika tasa mu gaba, ni da Ayuba masu takardu, har asibiti a Kafanchan. Kika zauna daram, kika ce sai an ɗebi jinina. Gwaji ya nuna wasu irin fararen ƙwayoyin jini sun yi yawa, su ke tayar da fatar. Aka tura mu babban asibiti, aka yanki kaluluwar aka duba. Cutar daji ce, limfoma. Likita ya ce da mun ci gaba da shafe-shafe, da an makara.

Ina tsakiyar shan magani Ubangiji ya kira ki gida. Kin ga zubewar gashina, ba ki ga tsirowarsa ba. Wannan ne ke ci min rai har yau.

Mama, ƙaiƙayin ya tafi. Tabo ne ya rage, kuma na daina rufe shi. Bana ni na shuka gonarki ta citta. Kunyoyin sun karkace, na san da kin yi ta mita.

Ubangiji ya ba ki hutu a wurinsa, ya sa mu sake sa hannu a kwano ɗaya.

'Yarki,
Rifkatu